Sabon ƙugu a tsohon gida: yadda tafiya ke dawowa bayan tiyata

Washegarin ranar da aka yi wa Goggo tiyatar ƙugu, wajen ƙarfe goma na safe, wata ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ta shigo ɗakin da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu a hannunta. Ta gaishe mu, ta duba fayil, ta ce, "Mama, yau za mu miƙe." Yaya Babba, wanda shi ya sayar da filinsa aka cika kuɗin aikin, ya yi zumbur ya tashi. Ya ce, "Haba Malama, jiya-jiyan nan fa aka yanka ta. A bar baiwar Allah ta huta mana." Ba ta ja da shi ba, sai ta ce ya zo ya tsaya ta ɗaya gefen ya tallafi kafaɗarta. Aka zuro ƙafafun Goggo ƙasa a hankali, ta zauna a bakin gado har jirin da ya ɗebe ta ya lafa, sannan ta kama ƙarfen ta miƙe tana salati. Taku shida ta yi zuwa bakin ƙofa, gumi na tsatstsafo mata a goshi, aka juyo da ita.

A ranar zuciyata tana tare da Yaya. Sai da muka dawo gida Gombe, muka yi watanni muna jinya a Bolari, na gane cewa takun nan shida suna daga cikin maganin, kuma aikin da ya fi tsawo bayan an fito daga ɗakin tiyata yake farawa. Likita yana gyara gaɓa a cikin awa ɗaya zuwa biyu. Tafiya kuwa tsoka ce ke yin ta, ita kuma tsoka ba a dasa ta, motsi ne ke dawo da ita. Abubuwa biyu na ga suna tare wa majinyatanmu hanya: tausayinmu da ke kwantar da su, da gidajenmu da komai nasu a ƙasa yake.

Gaɓar ƙugu ƙwallo ce a cikin ƙoƙo. Kan ƙashin cinya a dunƙule yake, yana juyawa a wani gurbi da ke jikin ƙashin ƙugu, guringuntsi mai santsi ya lulluɓe su duka biyun. Idan guringuntsin ya cinye, ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, shi ne ciwon da mutanenmu ke jefawa cikin babban buhun nan na "sanyin ƙashi". A tiyata ana yanke kan da ya lalace, a zura sandar ƙarfe a ramin ƙashin cinya, a ɗora mata sabuwar ƙwallo ta ƙarfe ko ta tangaran, a kuma dasa sabon ƙoƙo mai shimfiɗar roba mai tauri a ciki. Wani lokaci da siminti na musamman ake kafe ƙarfen, wani lokaci kuma a bar shi da kaushi a jiki domin ƙashi ya tsiro ya kama shi cikin makonni. Wani likitan Ingila, Sir John Charnley, shi ya daidaita wannan tsari a asibitin Wrightington a 1962, kuma har yau a kan tubalinsa ake gini.

Wannan bayani shi ne amsar tsoron Yaya. Mu a nan abin da muka sani game da ƙashi daga wajen maɗori muka koye shi: an karye, an ɗora, an ɗaure da karare, a kwanta kar a motsa sai ya kama. Shi ya sa duk wanda ya ji an taɓa ƙashi, kwanciya ce ke fara zuwa masa a rai. Amma a dashen ƙugu babu karaya biyu da ake jira su haɗe. Ƙarfen a kafe yake tun a kan teburin tiyata, kuma a mafi yawan lokuta yana iya ɗaukar nauyin mutum a ranar ko washegari. Akwai waɗanda likita zai ce kada su ɗora nauyinsu duka na wasu makonni, saboda ƙashinsu ba shi da ƙwari ko ya tsage wajen aiki. Wannan hukuncin wanda ya yi aikin ne, kuma ya kamata mai jinya ya tambaya ya ji da kunnensa kafin sallama.

Hausawa na cewa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, amma a wannan jinya ƙin tashin ne ke da haɗari. Jini yana daskarewa a jijiyoyin ƙafar da ba ta motsi, kuma gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu ya kashe mutum farat ɗaya. Don haka ne ake ba da allura ko ƙwayar tsinka jini har wajen mako huɗu zuwa biyar bayan aiki, ake kuma cewa majinyaci ya riƙa motsa tafin ƙafarsa sama da ƙasa ko yana kwance. Majina na taruwa a ƙirjin wanda ya daɗe a kwance ta zama ciwon huhu. Baya da ɗuwawu su yi gyambo. Sannan tsoka ta zube. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007 ya kwantar da tsofaffi masu cikakkiyar lafiya kwana 10 a gado, aka tarar sun rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafafu. Masu lafiya ke nan, balle wadda ta shekara biyar tana ɗingishi kafin a kai ga yi mata aiki.

Kan wannan ɗingishin nake so in tsaya, domin shi ne ya fi rikita mu. Mako uku bayan aiki Goggo ta ce ciwon nan mai hana ta barci ya tafi kamar an cire ƙaya. Duk da haka in ta saki sanda sai ta riƙa karkata gefe guda a kowane taku, kamar mai ɗauke da bokitin ruwa a hannu ɗaya. Maƙwabta suka fara cewa aikin bai yi ba. Wata ma ta ce ai an gajarta mata ƙafa.

Ga abin da ke faruwa. Duk takun da mutum ya yi, akwai ɗan lokacin da yake tsaye a kan ƙafa ɗaya. A wannan lokacin wata tsoka da ke gefen ɗuwawu, a saman katara, ita ke riƙe ƙugu kada ya zube ta ɓangaren ƙafar da ke sama. Aiki ne mai nauyi: ƙarfin da ke sauka a kan gaɓar a wannan ɗan lokaci ya kai ninki biyu da rabi zuwa uku na nauyin jiki. Wanda ƙugunsa ya daɗe yana ciwo ya saba kauce wa wannan tsoka, yana jefa kafaɗarsa gefe don ya rage mata aiki, har ta shanye. Tiyata kuma ta zo ta ratsa naman wurin. Ciwon ya tafi, amma raunin tsokar da sabon da jiki ya yi da karkatacciyar tafiya suna nan daram. Su ne ake yaƙi da su da atisayen da masu gashi ke koyarwa, waɗanda a ido kamar wasa ne: matse ɗuwawu a riƙe a saki, jan diddige a kan katifa zuwa sama, tsayawa a dafa bango a buɗa ƙafa gefe a dawo da ita, tashi daga kujera a koma. Sau biyu ko uku a yini, kullum, har watanni. Jin cewa ƙafa ɗaya ta fi tsawo ma sau da yawa daga karkacewar ƙugu ne, yakan ragu idan tsokoki suka saki. In ya wuce watanni bai daidaita ba, ana aunawa a ƙara tudu a takalmi.

Shi ya sa tambayar da 'yan dubiya suka fi yi, "Yaushe za ta yar da sandar?", ba ta da amsa a kalanda. Galibin waɗanda aka yi wa aikin saboda cinyewar gaɓa suna barin ƙarfe mai ƙafa huɗu su koma sandunan hammata ko kwagiri cikin makonnin farko, da yawa kuma suna yawo a cikin gida hannu sake wajen mako na huɗu zuwa na shida. Ƙarfi yana ci gaba da ƙaruwa har wata shida zuwa shekara. Tsohon da ya faɗi ya karye a wuyan ƙashin cinya aka sa masa ƙarfe, nasa ya fi jinkiri, kuma da yawansu sanda na zame musu abokiyar zama. Ma'aunin da ma'aikaciyar nan ta ba mu shi ne wanda na riƙe: ranar da Goggo za ta ratsa tsakar gida kafaɗunta a daidai, ba karkata, ba jin zafi, ranar ce sanda ta gama aikinta a cikin gida. Waje kuma sai daga baya.

Na ga masu yar da ita da wuri saboda kunya. Magidanci ɗan shekara 50 ba ya son a gan shi a sahun masallaci da kwagiri, sai ya jingine shi a zaure ya fita yana ɗingishi. Abin da yake yi shi ne koya wa jikinsa ɗingishin ya zauna, ga kuma haɗarin faɗuwa. Na kuma ga kuskuren da kusan kowa ke yi, har da mu a makon farko: riƙe sanda a ɓangaren ƙafar da aka yi wa aiki. A ɗaya hannun ake riƙewa. In ƙugun dama aka yi, sanda na hagu, kuma tare suke fita gaba da ƙafar dama, ta haka take rage wa tsokar gefen nan nauyi. Wajen hawa matakala ko dokin ƙofa lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, wajen sauka kuma mai ciwon ce ke fara sauka tare da sanda.

Sai maganar gida, wadda a ganina ita ce takardun sallama suka fi yi wa gajeren bayani. Sabuwar ƙwallo na iya gocewa daga ƙoƙonta, musamman a wata ukun farko kafin naman da ke kewaye ya warke ya yi ƙarfi. Idan ta bayan ƙugu likita ya yanka ya shiga, dokokin da aka saba bayarwa uku ne na mako 6 zuwa 12: kada gwiwa ta ɗago ta wuce tsayin ƙugu ko mutum ya sunkuya sosai, kada a harɗe ƙafafu, kada a murɗa ƙafar ciki. Idan ta gaba aka shiga dokokin sun bambanta, wasu likitocin ma yanzu sun sassauta su. Ya kamata a tambaya ƙarara: "Likita, ta ina aka shiga, kuma me aka hana ta, har zuwa yaushe?"

Yanzu a ɗauki dokar farko a shiga da ita gidan Bahaushe. Katifa a ƙasa take. Abinci a kan tabarma ake ci. Girki a kan kujera 'yar tsugunno ake yi, a gaban murhu. Wanki a sunkuye, shara da gajeriyar tsintsiya a sunkuye, alwala a tsugune, masai na tsugunno. Tun daga asuba har kwanciya babu awar da rayuwarmu ba ta neman mutum ya naɗe ƙugunsa fiye da abin da aka yarda. Wanda ya rubuta dokar yana tunanin gida mai gado da teburin cin abinci da masai na zama. Iyali kuma in suka rasa yadda za su yi, sai su zaɓi abin da ya fi sauƙi: a shimfiɗa mata katifa a ƙuryar ɗaki, a kawo mata komai har fo, a ce kada ta motsa. Daga nan zuben tsoka ya fara, kuma tashi daga katifar ƙasa shi kansa yana cikin motsin da ya fi haɗari.

Gyaran bai kai tsadar da ake zato ba, in aka kwatanta da abin da aka kashe a tiyata. Mu gado muka aro, muka ɗora ƙafafunsa a kan bulo har ya zama in Goggo ta zauna gwiwarta na ƙasa da ƙugunta. Wani mai walda a bakin titi ya ƙera mana kujerar ƙarfe mai hannuwa da rami a tsakiya, aka ɗora ta a kan masai, ya kuma kafa ƙarfen kamawa a bangon banɗaki. Kujerar roba mai hannu, da matashi mai tauri a kai, ta zama wurin zamanta da wurin wankanta. Muka naɗe ledar tsakar ɗaki da ta tattare, muka hana zubar da ruwan wanke-wanke a kan simintin da take bi, muka raba ta da silifas muka sayo takalmi mai rufe diddige. Tocila kullum tana ƙarƙashin matashinta saboda ɗaukewar wuta, domin fitar dare zuwa banɗaki a cikin duhu ita ce ta fi ba ni tsoro. In za ta kwanta, matashi a tsakanin cinyoyi. Duk wannan kamata ya yi a gama shi kafin a tafi asibiti. Mu sai da muka dawo muka shiga yi a gurguje.

Salla ce ta fi damun Goggo, fiye da ciwo. Mace ce da tun tana yarinya goshinta bai rabu da ƙasa ba, sai ga shi an ce ta zauna a kujera. Kwana biyu tana yi tana hawaye. Kawu ne, wanda yake limanci a unguwarsu, ya zauna kusa da ita ya ce, "Yaya, ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Rangwamen nan naki ne, ki karɓa." Wani abin lura shi ne, ko a kan kujerar, wasu na duƙawa sosai wajen sujada har ƙirji ya kusa taɓa cinya, wanda shi ne ainihin naɗewar da aka hana. Ishara ta wadatar, a ɗan fi rusunawa a sujada kan ruku'u. Wanke ƙafa a alwala kuma jikarta ce ke zuba mata ruwa tana cuɗawa. Komawa sujada a ƙasa da zaman tahiya magana ce da mutum zai yi da likitansa bayan watanni. Wasu suna komawa, wasu kuma ana ba su shawarar su zauna a kujerar.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke tara kuɗin tiyata da kyar, mu manta da kasafin abin da ke biyo baya. Mutum ya je Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko ya ƙetara Indiya ko Masar, a yi aiki lafiya, ya dawo da takarda da hoton ƙashi, shi ke nan. Babu wanda ya haɗa shi da mai gashi a gida. A cikin garin Gombe da sauƙi, akwai sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya, haka ma a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ga mutanen Bauchi. Amma wanda ke ƙauyukan Dukku ko Nafaɗa ko bayan Kaltungo, zuwa sau biyu a mako ba ƙaramin abu ba ne. Abin hawan ma matsala ne: acaɓa sai an ɗaga ƙafa an ƙetara, ga girgiza ga haɗarin faɗuwa, Keke Napep kuma kujerarsa a ƙasa take, gwiwa na tokare ƙirji. Mota ce ta fi, a gidan gaba, a tura kujerar baya, a fara zama sannan a juyo da ƙafafu tare. Ga na nesa, dabarar da na ga ta yi aiki ita ce a ware mutum ɗaya a gida, yaro ko yarinya mai natsuwa, ya je tare da majinyaci, a koya masa atisayen, ya ɗauki bidiyonsu a waya, ya zama shi ne mai tsayawa a kai safe da yamma. A gidanmu jikar nan mai zuba ruwan alwala ce, 'yar aji biyar a sakandare, ta riƙa ƙirga wa kakarta ɗaya zuwa goma tana rubutawa a bayan littafinta.

Ba tsofaffi kaɗai abin ya shafa ba. A layin asibiti na ga samari da 'yan mata masu sikila, wasu ba su kai 30 ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, ana ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita a duk shekara. Ƙwayoyin jininsu na toshe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, sai ƙashin ya mutu ya rufta. Irin wannan mutuwar ƙashi na samun masu daɗewa suna shan magungunan sitiroyid, ciki har da waɗanda wasu mata ke saya a kemis don ƙiba. Mai sikila jinyarsa ta fi son kulawa: ƙwayoyin cuta sun fi saurin kama shi, ƙarancin jini na sa shi saurin gajiya, kuma zafin Gombe na watan Maris da Afrilu na neman ya riƙa shan ruwa sosai kafin atisaye da bayansa. Ga kuma lissafin shekaru. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 58 cikin 100 na ƙugun da aka dasa suna kai shekara 25 suna aiki. Ga mai shekara 65 wannan albishir ne. Ga mai 25 kuwa yana nufin da wuya bai sake komawa teburin tiyata ba, don haka kiyaye nauyin jiki da guje wa tsalle da ɗaukar kaya masu nauyi sun fi zama dole a kansa.

Akwai alamun da ba a jira da su gari ya waye, ba a kuma kai su wurin maɗori ko a gasa da ruwan zafi. Ƙwauri ya kumbura yana zafi, numfashi ya sarƙe ko ƙirji ya riƙe farat ɗaya, zazzaɓi tare da ja ko ruwa ko mugunya a bakin ɗinki, ko kuma a ji ƙas da azababben ciwo, ƙafa ta gajarce ta juya, mutum ya kasa takawa. Wannan na ƙarshen gocewa ce, a asibiti ake mayar da ita, kuma jan ƙafar a gida na iya karya ƙashin da ke riƙe da ƙarfen. Zazzaɓin bayan tiyata ma kada a yi saurin cewa maleriya ce a sayo magani a kemis. A bari a duba ciwon tukuna.

Wahalar da ta fi tsawo a gidanmu ita ce ta hana mutane taimakon da ya wuce kima. Goggo ta yunƙura za ta ɗauko buta, mutum uku sun riga ta. 'Yan dubiya su cika ɗaki tun hantsi har la'asar, kowa na "sannu Goggo, kwanta abinki, kar ki wahalar da kanki", ita kuma kunya ta hana ta tashi ta yi atisaye a gabansu. Sai da Yaya Babba da kansa, mutumin da ya so hana ta miƙewa a asibiti, ya kafa doka: bayan sallar walha da bayan la'asar lokacin tafiyar Goggo ne, duk wanda ya zo ya jira ko ya taka mata. Ta fara da ƙofar ɗaki zuwa gindin bishiyar darbejiya, sannan zuwa zaure, sannan ƙofar gida da dawowa sau uku.

A wata na huɗu aka yi haihuwa a gida na uku daga namu. Ranar suna da safe Goggo ta yafa mayafinta ta fita. Sai da ta kai ƙofar gidan sunan jikar ta lura da kwagirin a jingine a bakin rijiya, ta ɗauka ta bi ta da gudu. Goggo ta karɓa ta riƙe a hannun hagu, ta ce da ma za ta buƙace shi in za ta dawo, saboda kwatar da ke bakin layin.